Amaryar Da Aka Ɗaura Wa Takobi

"Ba zan ba ɗan Umat 'yata ba, ko da shi kaɗai ya rage namiji a bayan ƙasa."

Haka Thakur Sardul Singh ya faɗa, bai ko ɗaga kai daga kofin shayinsa ba. Mohar tana tsaye a bakin zaure tana taunar gefen mayafinta kamar wata yarinya, ita da take da shekara ashirin da shida, take riƙe da aji guda a makarantar gari.

"Baba, me Dalpat ya yi maka?"

"Shi? Ba abin da ya yi min sai alheri. Bara shi ya ceto min saniya da ɗan maraƙinta. Likitan dabbobi, ga kunya, ga ladabi. Da a ce ɗan wani dangin ne, da tuni na aika gidansu da kwakwar baiko."

"To, Baba..."

"To me? Ke baƙuwa ce a gidan nan? Ba ni na hana ba. Je ki ɗakin yamma ki roƙi mai hanawa."

Mohar ta juya da sauri don kada ya ga hawayenta.

Ƙasar nan a da sunanta Khichiwara, wato ƙasar Khichi, dangin su Mohar. Tsallaken kogin Parbati kuwa Umatwara ce, ta dangin su Dalpat. Yau ka duba taswira har idonka ya yi ja, ba za ka ga ko ɗaya ba. Mahayan daular Marata sun ci rabonsu, Turawa sun yanka nasu, gwamnati ta zo ta raba sauran gunduma-gunduma ta laƙa musu wasu sunaye. Amma je ka gaya wa tsofaffin garinsu Ratangarhi haka ka sha harara! A wurinsu iyakar tana nan daram, abin da aka yi shekara ɗari biyu da suka wuce kuma kamar shekaranjiya aka yi shi.

Kullum rana ta take tsaka, ana kai abinci ɗakin yamma. Mai kaiwa ita ce Sajjan, yayar Thakur, wadda kowa a gidan yake kira Buwasa, wato gwaggo. Ta haura saba'in, ba ta taɓa aure ba, makullin ɗakin kuma a wuyanta yake kwana. Ranar, Mohar ce ta ɗaukar mata farantin: gurasa biyu, miyar wake, ɗan man shanu.

A waje zafi kamar zai fasa dutse. Suna shiga, sanyi ya buge ta har cikin ƙashi.

Ba komai a ɗakin sai gado ɗaya da fitilar mai. A kan gadon takobi ne kwance, an naɗe shi da jan mayafi mai zaren azurfa. Ko yanar gizo-gizo babu. Birran da suka addabi kowane rufi a garin ba sa taka wannan. Ga kuma ƙamshin ɗanyen lalle, alhali rabon da a kwaɓa lalle a gidan an fi shekara.

Labarin ba wanda bai sani ba. A wancan zamanin, idan yaƙi ya riƙe ango, takobinsa yake aikowa, amarya ta zagaya wuta da shi, aure ya ɗauru. Haka aka yi wa Umed Kanwar, 'yar gidan nan. Angonta ɗan Umat ne daga ƙauyen Sonkheda. 'Yan aike suka bar takobin suka ce bayan damina, da tsakar rana, ango zai zo ya ɗauki matarsa. Bai zo ba. Shekara hamsin da ɗaya ta yi a ɗakin nan, kullum hantsi ta yi kwalliya ta zauna tana kallon ƙofa. Da za ta cika ta ce, kada 'yar gidan nan ta ƙara ƙetare kogi zuwa gidan Umat, sai ranar da suka zo suka ɗauki amaryarsu.

Sau ɗaya aka gwada karya maganar, a zamanin kakan Thakur. Jirgin amarya ya kife a ruwan da bai kai ƙugu ba, kowa ya fito sai ita.

Mohar ta ajiye farantin, ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Buwasa, ki taimake ni. Wannan baiwar Allah ta mutu fa tun..."

"Ke! A gabanta?" Sajjan ta toshe mata baki da hannu mai sanyi. Ta juya wajen gadon ta sassauta murya. "Ki yi haƙuri, yarinya ce, bakinta ya fi ta girma."

Tsigar jikin Mohar ta tashi.

"Kina ganin ke kika fara?" in ji Sajjan. "Ni ma ɗan Umat ne ya neme ni. Yana da wushirya, yana busa sarewa. Na yi kuka har na daina gani sosai. Da na gaji, na karɓi makulli."

"Ni ba zan iya ba, Buwasa. Na rantse idan ba Dalpat ba, gara in zauna haka har in tsufa."

"To ai ɗakin yana da faɗi."

Mohar ta fashe da kuka. Tsohuwar ta bar ta ta yi mai isarta, tana gyara bakin jan mayafin kamar mai lulluɓe jariri. Can ta ce, "Jiya ma ta tambaye ni shi."

"Wa?"

"Likitan naki. Ta ji ƙarar babur ɗinsa. Ta ce, dogo ne?"

Mohar ba ta san lokacin da ta kai tsakar gida ba. Sai da ta jingina da bishiyar darbejiya, zuciyarta ta lafa, sannan wani tunani ya faɗo mata. Sai ranar da suka zo suka ɗauki amaryarsu. Ashe maganar tana da ƙofa! Shekara ɗari biyu ba wanda ya taɓa ta, don Khichi ba za su roƙa ba, Umat kuma ba za su amsa laifi ba. Girman kan maza kenan, kai ka ce da shi ake cika rumbu.

Da la'asar ta sami Dalpat a bakin kogi, wajen tsohon ginshiƙin iyaka da ya karkace. Dalpat yana ganin idonta ya jefar da jakar magungunansa.

"Baisa," ya ce, yadda ake kiran 'yar babban gida don girmamawa, "wa ya taɓa min ke?"

"Matacciya," ta ce, ta sake ɓarkewa da kuka.

Ya saurare ta har ta gama.

"Mu ba haka aka ba mu labarin ba," ya ce. "Kwana uku bayan aiko takobin aka kashe angon a mashigin kogi. Aka ƙone Sonkheda. 'Yan'uwansa suka watse cikin daji, kunya ta hana su zuwa su ce ba su da ko bukkar da za su saka amarya. Har yau akwai kube a gidanmu, rataye, ba takobi a ciki."

"To ku zo ku ɗauke ta mana! Don girman Allah ku zo ku ɗauke ta, ta huta, mu ma mu huta."

"Za su yarda?"

"Ita ta faɗa da bakinta. Baba ba zai iya ƙetare maganarta ba."

Fuskarsa ta washe. "Shi kenan. Ƙanin kakana, Bhairon, yana nan, tsoho ne amma yana hawa amalanke. Shi zai zo a matsayin ɗan aike. Zai tsaya a ƙofa ya faɗi sunan marigayin, ya ce shi ya aiko shi. A ba shi takobi da mayafi, mu kai su wurin kakanninmu mu yi mata duk abin da ake yi wa matar gida. Bayan nan sai kwakwar baikona."

"Kwakwarka? Ji shi, har ya fara gadara."

"Shekara biyu ina yi wa shanun babanki allura suna harbina. Na ci gumina."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. Rabonta da dariya har ta manta.

Bayan kwana uku Dalpat ya zo da maganar gaban Thakur. Mohar ta laɓe bayan tagar katako mai huda-huda da ke kallon zaure. Ranta ya ɓaci da ta hango wanda ke zaune a dama da babanta: Gajraj Singh, ɗan dangin Jhala, mai taraktoci huɗu da tumbi ɗaya. Shekara uku yana nemanta, shekara uku tana yi masa kunnen uwar shegu, amma mutumin nan ko gezau.

Thakur ya ji bayanin yana murza gashin baki. Idonsa ya kawo ruwa.

"Idan kuka yi haka, kun sauke min dutsen da na gada daga ubana," ya ce. "Ranar da ta fita daga gidan nan, hanya ta buɗe."

Gajraj ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Madalla, madalla. Amma Dalpat, wa ka ce zai zo? Tsoho?"

"Ƙanin kakana," in ji Dalpat.

"Oho! Aike dai. Ranka ya daɗe, ka ji fa. Wancan karon ƙarfe suka aiko, wannan karon tsoho. Gaba kuma ina jin akuya za su turo da rawani." Ya tafa hannu yana ƙyaƙyatawa. "Ni tambaya nake, wai mazan Umat ba a halicce su da ƙafa ba ne? Ko ƙofar Khichi ce take ba su tsoro?"

Dattawa biyu da ke gefe suka sunkuyar da kai suna murmushi. Mohar ta ga jijiyar wuyan Dalpat ta miƙe. Ta ce a ranta, wayyo, kada ka kula shi.

Ina! Zuciya ta riga ta ɗebe shi. Ya miƙe tsaye.

"Ranar Alhamis, rana tsaka, ni Dalpat Singh zan shigo ƙofar nan da ƙafata. Ba tsoho, ba ɗan aike. Kai kuma ka zo da wuri ka sami wurin zama."

"Ai ko da rarrafe zan zo," in ji Gajraj.

Gaskiya, Mohar ta ji daɗi a lokacin. Wace mace ce ba za ta so a miƙe saboda ita ba? Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata: da ta juya, ta tarar da Sajjan a bayanta, ita ma tana leƙe, bakinta yana motsi kamar mai ba wani labari.

Alhamis ta zo. Tun safe gidan ya cika. An share tsakar gida, an yayyafa ruwa, matan dangi sun zo daga ƙauyuka uku. Mohar ta sa shuɗin mayafinta tana ta kai da kawo, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna. Ƙawayenta suna ta zolayarta, wai yau a fitar da tsohuwar amarya, gobe a fitar da sabuwa.

Da rana ta kusa tsaka, iska ta tsaya cak. Ɗawisun da suke ta kuka a kan katanga tun asuba suka yi tsit gaba ɗaya. Ƙamshin lalle ya fito daga ɗakin yamma ya cika gidan, har wata mata ta tambayi wa ake yi wa ƙunshi.

Dalpat ya shigo da mutanensa bakwai, cikin fararen kaya da ɗamara ruwan ƙwai. Thakur ya tare shi, ya naɗa masa rawani da hannunsa. Maza suka jeru a dama, mata a hagu. Gajraj ya sami kujera a gaba ya harɗe.

Aka buɗe ɗakin yamma. Sajjan ta fito rungume da takobin cikin jan mayafinsa. Ta yi wanka, ta sa kayan da ba wanda ya taɓa ganinta da su, tana tafe a hankali kamar mai riƙe da hannun wani. Ta tsaya a gaban Dalpat.

"Ɗan Umat, wa ya aiko ka?"

Dalpat ya saci kallon Gajraj. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ba wanda ya aiko ni."

"Da ƙafarka ka zo?"

"Da ƙafata."

"A madadin wa?"

"Ba a madadin kowa ba. Don kaina na zo."

Wani dattijo daga cikin mutanensa ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu zai taɓa shi. Kafin hannun ya kai, Sajjan ta ɗiga masa jan gari a goshi, ta juya ga tsofaffin mata ta ɗaga musu kai. Suka ɗauki waƙa.

Mohar ta san waƙar. Kowace 'yar ƙasar nan ta san ta: ita ake yi idan ango ya zo tafiya da amarya. Ta zaci sunan marigayin za su ambata. Sai ta ji sun ce Dalpat.

Ta ƙwalla ihu.

"Dalpat! Kada ka karɓa!"

Ta kutsa cikin mata tana ture su, mayafinta ya zame. Amma ya riga ya sunkuya ya miƙa hannu biyu, takobin ya riga ya sauka a kansu. Yatsun tsohuwar nan da kullum suke rawa, yau ko kaɗan ba su yi ba. Ta kama bakin ɗamararsa da bakin jan mayafin ta ƙulle su tamau, ƙulli irin wanda ake yi wa ango da amarya a gaban wuta.

Waƙa ta tsaya. Ba ka jin komai sai numfashin mutane.

"Buwasa, me kika yi?" in ji Mohar. "Me kika yi min?"

"Na ba ta mijinta."

"Ba mijinta ba ne! Mijinta ya mutu a mashigi!"

"Sau uku na tambaye shi, a gaban dangi biyu. Ɗan aike yana faɗin sunan wanda ya aiko shi. Wanda ya zo ɗaukar amarya da ƙafarsa, don kansa, mene ne sunansa?" Ta dubi dattawa. "Ku faɗa mata mana, kun yi shiru."

Ba wanda ya ɗago. Har mutanen Dalpat kansu a ƙasa.

"Ango ne," in ji Gajraj, a hankali, kamar mai jin tausayi. "Kash! Ni ban zaci abin zai kai nan ba."

Ƙarya yake, munafuki. Ko gefen bakinsa bai iya riƙewa ba.

Dalpat ya dubi ƙullin, ya dubi Mohar, sai yanzu ya gane. Umed Kanwar gwaggo ce ga duk 'yar gidan nan, mijin gwaggo kuwa uba ne. 'Yar gidan ba ta aurensa, ko gwaggon tana raye ko ta shekara dubu a ƙasa. Ya kai hannu zai kwance.

"Kwance," in ji Sajjan. "Kwance, ka sake ta a gaban jama'a, Umat su wulaƙanta ta karo na biyu. Sai mu mayar da ita ɗakinta, maganarta kuma ta koma inda take. Mu ga wanda zai saka Mohar a jirgi."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙullin.

Mohar ta zube a gaban babanta ta kama ƙafarsa.

"Baba, ka yi magana! Ka ce kuskure ne! Ka ce wasa ne na tsofaffi! Kai ka ce ranar da ta fita hanya ta buɗe!"

Thakur yana kuka kamar ba shi ba, hawaye na bin gashin bakinsa.

"Ta buɗe, 'yata. Ta buɗe wa kowace 'yar gidan nan da kowane ɗan Umat. Ban da mutum ɗaya."

Ta rarrafa ta koma wajen tsohuwar.

"Buwasa, ke fa kin san zafin nan. Ke kika ce min kin yi kuka har idonki ya lalace. Yaya za ki yi min abin da aka yi miki?"

A karon farko fuskar Sajjan ta motsa. Ta shafa kumatun Mohar.

"Shekara biyu kika jira, Baisa. Ita fa? Kullum rana tsaka tana tambayata, sun iso? Shekara hamsin ina ce mata gobe. Kina so bayan duk wannan in ɗora ta a amalanken tsoho kamar buhun wake?"

"To ni fa? Ni da nake da rai?"

"Ke kina da sauran kwana a gaba. Ita yau kaɗai take da ita."

Dalpat ya dubi Mohar. Gumi na zuba daga rawaninsa, amma leɓensa ya yi fari kamar mai jin sanyi.

"Mohar," ya ce da ƙyar, "bakina ne ya ja mana. Ki yafe min. Idan na kwance, ruwa zai ci ki. Ba zan iya ba."

"Ya ci ni mana! Na yarda!"

"Ni ban yarda ba."

Ya janye hannunsa daga ƙullin.

Babban dattijon Khichi ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce rana tana gotawa, kuma amarya ba ta fita sai yaran gida sun yi sallama da ita da mijinta. Yara suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙafar Dalpat. 'Yan mata suka biyo. Ya rage saura mutum ɗaya.

"Mohar," in ji Thakur, bai iya kallonta ba, "rufe kanki. Ki gaida mijin gwaggonki."

Wata ta mayar mata da mayafinta. Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta ba. Ta sunkuya ta taɓa takalminsa, hawayenta suka ɗiga a kan ƙurar da ya kwaso daga tsallaken kogi. Ta ji tafin hannunsa a kanta, yadda manya suke sa wa yara albarka. Hannun nan da ta sani da ɗumi, yau kamar an tsamo shi daga randa.

Ta yunƙura za ta tashi ta gudu.

"Ina za ki?" in ji Sajjan. "Saura ita. Ba kya ganin ta tsaya tana jiranki?"

Mohar ta ɗaga jajayen idanunta ta dubi Dalpat. Jira take ya ce ba kowa a wurin, ya ce tsufa ne ya taɓa matar nan, ko da wannan kaɗai ya rage ya yi mata.

Dalpat ya ɗan waiga ta kafaɗarsa ta hagu, ya matsa gefe a hankali, ya ba da wuri.